Wanda Muka Bari Cikin Rumbu

Yanzu idan na zauna a ƙofar gida da la'asar, nakan ga samari a gindin bedi, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, kowa yana dariyarsa shi kaɗai. Wani zai ƙyalƙyale har ya dafe ciki, na kusa da shi ko ɗaga ido ba zai yi ba, don shi ma yana da tasa. Ba na jin haushinsu, zamaninsu ne. Amma ni da na ƙarar da ƙuruciyata wajen neman yadda zan sa gari guda ya yi dariya lokaci ɗaya, abin yana yi mini wani iri. Dariyar da na sani ita ce wadda mai ban ruwa zai jiyo daga garkar albasa, ya ajiye aikinsa, ya hau tudu yana tambayar me ya faru. Ita nake kewa, da mutanen da muka yi ta tare, musamman mutum ɗaya.

Garinmu yana ƙasar Buza, ba nisa da Tama, a kan tudu mai duwatsu, fadama tana daga ƙasa. Abin da na fara sani na duniya shi ne ƙarar taɓarya da sassafe, da kukan jakai masu hawowa da albasa, da hirar tsofaffi a dandali a kan wa ya tafi cirani, wa ya dawo. Ba'adare irinmu ba ya zama gida da rani, wannan kowa ya sani. Da an kai hatsi rumbu sai maza su ɗaure kaya, wasu Abijan, wasu Ikko, wasu arewa, a bar gari a hannun mata da tsofaffi har ruwa ya sauka. Ni ma na taɓa lekol, wato boko, kaɗan, sannan na bi sahu. A can bakin teku na yi aiki da wani mai ɗaukar bukukuwa a bidiyo, har hannuna ya faɗa. Da muka tashi dawowa, sa'o'ina suka sayo keken ɗinki da rediyo da katifa, ni kuwa tsohuwar kamara na naɗo cikin bargo. Mahaifina ya juya ta, ya leƙa, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗiyan mutane na komowa da keken ɗunki, kai ka komo muna da ido na ukku. Shi mi za shi noma muna?" A lokacin ni ma ban sani ba.

Wanda ya samo mini amsar shi ne Illo, ɗan gwaggona, taubashina. Kowa ya san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a jin haushi, to mu mun wuce da abin gaba. Tun muna kiwon awaki yake ce mini mai kan tulu, ni kuma ina ce masa tsani, saboda dogo ne siriri, ƙafafunsa kamar ba su san juna ba. Baiwarsa ita ce ba ya dariya. Zai faɗi abin da zai kwantar da mutane a ƙasa, fuskarsa kuwa kamar an aiko shi da saƙon rasuwa. Wata rana ina ɗaukar wani suna, sai ya shigo gaban kamara yana kwaikwayon baƙon da ya zo barka amma idonsa yana kan akushi. Na so in goge wurin, mai gidan ya hana. Kafin a yi wa jaririn aski na biyu, kaset ɗin ya zaga har Azarori da Babankatami, kuma ba jaririn ake nema ba.

Haka muka shiga wasan ban dariya, ba kamfani, ba uban gida, ba takardar gwamnati. Ni ne mai tsara labari, ni ne mai kamara, ni ne mai tsawata wa kaji su bar wurin, ni ne kuma mai montaji, wato yanka da haɗawa. Wannan aikin na ƙarshe shi na fi so, shi ne kuma ba wanda ya taɓa gani. A Madawa nake yin sa, inda akwai wuta, a wani ɗan ɗaki bayan tasha mai warin man inji da soyayyar ƙosai. Magneto biyu, wato injin kaset, ɗaya yana karantawa ɗaya yana rubutawa, da ƴar talabijin a kan kwali. Yatsa ɗaya a kan wannan maɓalli, ɗaya a kan wancan, numfashi a riƙe. In ka makara da ƙiftawar ido, dariyar ta zube. In ka yi sauri, ka yanke ta tun ba ta nuna ba. Har yau ina jin ƙarar da injin yake yi idan ya haɗiye kaset, da kukansa idan yana maida zare baya. A ɗakin nan na gane cewa Illo ne ke kawo dariya, amma ni ne ke cewa ga inda za ta faɗo. Yaran yanzu suna yin wannan da babban yatsa suna tafiya, kuma wallahi wasunsu sun iya. Sai dai ba su san daɗin ka gama haɗawa, ka kira masu fura da ƴan dako na tasha, ka tsaya a bayansu kana kallon kafaɗunsu ba. In kafaɗu suka girgiza, aiki ya yi. In ba su girgiza ba, ka koma ɗaki.

Babbar wahalata ita ce ƴan wasana duk manoma ne, duk kuma ƴan cirani. Da damina ba ka isa ka kira mutum daga gona don ya zo ya yi wauta ba. Da rani kuma ba ya nan. Ɗan tsakanin nan na kaka kawai nake da shi, daga yankan hatsi zuwa ranar da manyan motoci za su fara lodi. Sau da yawa fim ba ya ƙarewa, sai a ajiye sauran sai baɗi. Shi ya sa a finafinanmu mutum zai shiga zaure a rame, ya fito ta ɗaya ƙofar da tumbi da haƙorin makka. Da farko kunya nake ji, ina ta dabarar ɓoyewa. Ashe mutane abin da suka fi so ke nan. Sai ka ji wani daga baya ya ce lalle zauren nan akwai tuwo a cikinsa, wuri ya kaure. Saboda haka barin fim rabi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kullum ana dawowa, kullum ana ƙarasawa, kuma ba wanda ya taɓa kawo wani tunani daban.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta taɓa zama kallo ba, ita ce Gwaggo, mahaifiyar Illo. Shi ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninsu ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa yabonsa, ba sa nuna sun san yana wurin. Ni take kira Babana, don sunan mahaifinta aka sa mini, shi kuwa sai dai ta ce "taubashinka". Idan muka kafa talabijin a dandali bayan sallar magariba, injin wuta yana tari, tsofaffi a kan tabarmi, mata a tsaye ta baya da goyo, sai ta zo wucewa da ƙwarya a ka, ta ce mu dai Allah ya ba mu aikin yi. Amma na lura hanyar gidanta ba ta dandali take ba, kuma idan muryar Illo ta tashi, tafiyarta takan ragu. Takan ce ita ba ta ga abin dariya ga mutumin da tun yana goye yake ba ta wahala ba.

Fim ɗin da nake son ba da labarinsa, na wani rago ne da aka kira gayya a gonar surukinsa. Ya zo da babbar hauya da babbar magana, ya ci tuwon gayya, da rana ta take sai ya sulale ya gudo gari, ya faɗa cikin rumbun surukin ya ɓuya. Surukin kuma, bai san komai ba, ya zo ya ga rumbu a buɗe, ya maida murfin, ya shimfiɗa buzu a inuwarsa ya kama tufkar igiya, ba shi da niyyar tashi. A rumbun gidan su Illo muka yi, irin manyan nan na laka masu ƙaton ciki da ƙaramin baki a sama, da hular ciyawa. Marigayi mijin Gwaggo ne ya gina shi, wuyansa ya ɗan karkace, duk garin ba mai kama da shi. An share shi don sabon hatsi, sai ragowar na bara a ƙasa. Na kafa kamara a gindinsa ina fuskantar lungu. Illo ya ɓullo daga can ƙarshen lungun a guje, ƙafafu suna watsuwa, fuska a murtuke, kaji suna tashi. Ya haye tsani, ya ture hular, ya tsunduma da ka. Ƙafafunsa suka tsaya a sama suna harbin iska, takalmi ɗaya ya fice, sannan suka shige. Ni kaina sai da na ciji hannun rigata don kada kamara ta girgiza. Muka ɗauki wani tsohon tela da ya fito a suruki yana rufewa yana zama. Saura fitowa, wadda muka shirya za a yi a gaban duk ƴan gayya, sai batir ya mutu.

Cajin batir sai an je Buza. Dammunan hatsi kuwa suna jibge a waje, ga shi an kusa sakin dabbobi a gonaki, ba mai barin abincin shekara a fili don wasa. Washegari da safe aka cika rumbun, Illo da kansa ya hau ya shafe bakin da laka. Al'adarmu ce, babban rumbu in an rufe shi da kaka ba a taɓa shi. Mata da yara suna ci daga ƙanana, shi kuwa sai ruwa ya sauka, mai gida ya dawo ya fasa da hannunsa, a fitar da iri da abincin noma. Na dawo da batir na tarar an gama. Na roƙe shi mu nemi wani rumbun, ya ce duk wanda ya ga wuyan nan ya san shi, kada in maida mutane wawaye. Yana wanke laka daga hannunsa ya ce mini, "Kai dai mai kan tulu, gaggawa gare ka. Bar ni ciki in huta. Ni ka buɗe rumbun ga, ba wani ba. Rad da nik komo, sai ka hiddo ni." Ranar kasuwa ya hau mota, yana zaune a kan buhuna, ƙafafun nan suna reto.

Ni ban tafi ba a shekarar. Na zauna Madawa na haɗa abin da muke da shi, na bar wurin fitowa. Rani ya wuce, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, maza suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya da akwatunan ƙarfe. Kowace mota ta tsaya, sai in ga matar Illo ta fito bakin ƙofa kamar mai shanya. Wani ya ce ya gan shi a Abijan yana tura kura. Wani ya ce a'a, ya bar can, ya ce zai gwada arewa. Wani ya ce an ga mai kama da shi a Agadas yana jiran motar hamada. Daga nan maganar ta tsaya. Ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce yana raye.

Ruwan shuka ya sauka, kowane gida aka fasa rumbu ban da nasu. Gwaggo ta ce a jira. Maƙwabta suka shuka, hatsi ya tsiro, gonarsu tana kwance. Ƙananan rumbunan sun ƙare, jikokinta sun fara cin tafasa ba gari. Ruwa na biyu da ya zo, ta aiko a kira ni. Ba ta dube ni ba, ta ce in hau in buɗe, aro ne, in taubashina ya zo sai in ba shi haƙuri. Na hau tsanin nan. Na fasa lakar, alamar yatsunsa tana jikinta. Da na ɗaga murfin, zafin hatsi ya bugi fuskata, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na leƙa ciki sosai kafin in fara miƙo dammuna. Na san ba ya ciki, ni na ga tashin motarsu. Amma na leƙa.

Mutane sun matsa, sai na nuna fim ɗin yadda yake. Aka yi dariya har da masu faɗuwa daga benci, da ya tsaya a kan suruki yana tufka kuwa aka yi ta ihu a ƙarasa. Daga ranar na shiga uku. In na shiga kasuwar Madawa, masu albasa su ce, mushe, wato malam da Faransanci, har yanzu ba ka fiddo shi ba? In yaro ya daɗe a makewayi, a ce ya yi zaman Illo. Masu ba da shawara suka ce in sa wani dogo ya fito, in ɗauke shi ta baya. Na gwada da wani mutumin Keita, tsayinsu ɗaya, na sa masa rigar. Da na kalla a ɗaki, na goge, don tafiyar Illo ba a aronta. Shekaru suka yi ta wucewa, tsokanar ta ragu, har ta zama in an gan ni sai a sauya magana, wannan kuma ya fi tsokanar ciwo. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, don ba a yi wa mai rai. Daga baya malamai suka warware wa matarsa aure, ta yi wani a wajen Keita, ba kuma wanda ya ga laifinta.

Na ci gaba da sana'a, don ita na iya. Na yi finafinai da wasu, wasu sun karɓu, wasu ko masu fura ba su girgiza ba. Kaset ya mutu, faifai ya zo, shi ma ya mutu, aka koma ɗan katin da ake sawa a waya. Ɗakin bayan tasha ya zama shagon cajin waya. Gemuna ya fara fari lokacin da na je Tawa na koyi montaji a ordinata, wato kwamfuta, ina danna abu da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a wake. Na kwashe tsofaffin kaset ɗina na zuba a ciki kafin su ruɓe. A nan na ga cewa wannan na'ura tana iya juya hoto ya tafi da baya, sumul, ba layi ba rawa, abin da magneto bai taɓa yi mini ba. Ban ci abinci ba sai da na nemo wurin.

Na juya shi. Ƙafafu suka ɓullo daga bakin rumbu suna harbin iska, takalmi ya tashi daga ƙasa ya koma ƙafa, sai gangar jiki, sai kai. Hular ciyawa ta koma wurinta. Ya sauko tsani, kaji suka dawo ƙasa da baya, shi kuma ya kwasa a guje da baya, fuska a murtuke. Na yi dariya ni kaɗai har na yi tari, daga nan kuma na kifa kai a kan tebur na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da na fasa lakar. Na ce yau na cika alkawari, na fiddo shi, da jikinsa da ƙafafunsa, ba aro ba. Na ƙudura in kafa farin ƙyalle a dandali da kaka, in tara garin kamar da. Amma na ga bai dace kowa ya gani kafin Gwaggo ba.

Da hantsi na same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ta tsufa ƙwarai, amma idonta garau. Na ce na zo da wani abu na taubashina, in ba ta so in koma da shi. Ta jawo kujera ƴar tsugune, ta ce in rufe ƙofar gida. Na ɗora na'urar a kan turmi, na fara daga farko. Wannan ne karo na farko da ta zauna ta kalli ɗanta. Da ya fara cika baki a gaban surukinsa, ta ja gefen zane ta rufe baki. Da ya sa loma ta ƙi shiga, kafaɗunta suka fara girgiza. Da ƙafafun suka tsaya a sama kuwa, dariyar ta ƙwace mata, ta fito fili, har hawaye, tana cewa ja'iri, tun yana ƙarami haka yake. Na ji daɗin da ban taɓa ji a dandali ba.

Sai wurin da na haɗa ya zo. Ya fito, ya sauko, ya kama lungu da baya. Ni ina jiran dariya, sai na ji shiru. A lokacin ne na ga abin da ban gani ba a Tawa, don can idona yana kan yanka da haɗi. Yana tafiya ne yana kallonmu, yana ƙanƙancewa, yana ƙanƙancewa, har kwanar katanga ta ɗauke shi, lungu ya zauna ba kowa.

Ta ce, "Ina za shi kuma?"

Na ce, "Gwaggo, hitowa yay yi. Ƙarshen wasan ke nan."

Ta girgiza kai. "Wagga ba hitowa ba ta, Babana, tahiya ta. Na taɓa ganin ta, ta ishe ni."

Na fara yi mata bayanin cewa hoton da nake da shi ke nan, ba ni da wani, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin, ta daɗe tana duban lungun.

"Maishe shi ciki," in ji ta. "Can dai na san inda shike, kuma akwai hatsi."

Na cire abin da na haɗa. Na maido hoton yadda aka ɗauke shi. Ya sake ɓullowa daga ƙarshen lungu, yana girma, yana nufo mu, ya haye tsani, ya tsunduma, ƙafafu suka shige. Tsohon tela ya zo ya maida murfi, ya shimfiɗa buzunsa a inuwa. Ta ce in tsayar a nan, na tsayar. Ta share fuskarta da gefen zane, ta jawo ƙwaryar zogalenta ta ci gaba da tsinka.

Ban kafa ƙyalle a dandali ba. Gwaggo ta rasu bayan ƴan damuna, ba ta ji labarinsa ba, mu ma har yau ba mu ji ba. Fim ɗin yana nan yadda ta ce a bar shi. Wani lokaci yaran nan masu waya sukan same shi, su zo su tambaye ni ina ragowar. Nakan ce musu babu ragowa, mahaifiyarsa ce ta yi montajin ƙarshe.